Bugu biyu ko bugu huɗu: yadda za a zaɓi injin gilo don ƙaramin jirgin sama na rimot

Wanda ya gama haɗa ƙaramin jirginsa na rimot, ya ɗaura fukafukai ya saita jela, sannan ya tsaya yana kallon gurbin inji a hancin jirgin babu komai a ciki, yakan tarar cewa tambaya mafi wuya ce ta rage masa. Takardar da ta zo da jirgin za ta ce masa ya sa inji mai bugu biyu daga .40 zuwa .46, ko mai bugu huɗu daga .56 zuwa .72, daga nan ta yi shiru kamar dai duk abu ɗaya ne. Alhali tsakanin waɗannan lambobi akwai bambancin kuɗi da kan kai ninki biyu, akwai na nauyi da na ƙara, akwai na irin man da za a riƙa nema kowane wata, akwai kuma na yawan haƙurin da injin zai buƙata daga mai shi. Ra'ayina tun kafin a yi nisa shi ne, adadin ƙarfin doki da aka buga a jikin kwali shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mai saye ya duba, domin abin da ke raba injin da zai daɗe yana tashi da wanda zai ƙare a cikin durowa shi ne ko ya dace da jirgin, ko mai shi zai iya samun man da yake sha, ko kuma za a samu kayan gyaransa ranar da ya sha ƙasa.

Injin gilo ya samo sunansa ne daga filoginsa. A injin babur filogi tartsatsi yake fitarwa a daidai lokacin da aka saita masa, amma a nan babu tartsatsi babu koyil. Abin da ke cikin filogin wata 'yar siririyar waya ce a nannaɗe, ta gaurayen ƙarfen falatinam, wadda ake jona wa batir mai bolt ɗaya da rabi ko ƙasa da haka kaɗan har ta yi ja kamar garwashi. Da zarar inji ya kama sai a cire batirin, wayar kuma ta ci gaba da ci, saboda tururin metanol, sinadarin da ya fi yawa a man injin, yana ƙara rura falatinam mai zafi idan ya taɓa shi, ga kuma zafin kowace fashewa yana taimakawa. Wani Ba'amurke mai suna Ray Arden ne ya fito da wannan filogi kasuwa a 1947, kuma shi ya raba ƙananan jirage da dakon koyil da batir a sama. Abin da wannan tsari ya haifar shi ne, babu wani maɓalli guda da ke ƙayyade lokacin da wuta za ta kama a cikin silinda. Matsin inji da zafin filogi da yawan naitiro (sinadarin da ke ƙara wa inji ƙarfi) a cikin mai da girman farfela ne suke haɗuwa su ƙayyade shi. Saboda haka inji ɗaya zai iya zama lafiyayye a hannun wani ya zama ɗan rigima a hannun wani, ba tare da an canza ko da noti ɗaya a jikinsa ba.

Lambobin da ake kiran injinan da su girman cikin silinda ne da ma'aunin inci irin na Amurka. Injin .40 yana daidai da cc 6.5, .46 kusan cc 7.5, .61 kusan cc 10, .91 kusan cc 15, 1.20 kuma kusan cc 20. Idan aka tuna cewa babur ɗin haya na yau da kullum cc 100 ne, za a ga cewa ana magana ne a kan injin da ke zama a tafin hannu, wanda duk da haka yake juya farfela fiye da sau dubu goma a minti ɗaya, kuma yana iya datse yatsa.

Babban rabe-raben shi ne tsakanin mai bugu biyu da mai bugu huɗu, kuma duk wanda ya taɓa mallakar ƙaramin janareton nan da ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur ya riga ya san halin na farko: ƙarami ne, marar nauyi, mai tsananin ƙara, mai hayaƙi, kuma babu abubuwa da yawa a cikinsa da za su lalace. Mai bugu biyu yana fashewa sau ɗaya a kowane juyi, ba shi da bawul, fistin ne da kansa yake buɗewa da rufe ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi yayin da yake hawa da sauka. Abubuwan da ke motsi a cikinsa ba su wuce fistin da sandarsa da karanshaf ba. Mai bugu huɗu kuwa sai ya yi juyi biyu kafin ya fashe sau ɗaya, yana da bawul biyu a kansa da sandunan da ke tura su da kam da ke sarrafa su, irin dai tsarin baburan zamani. Kamfanin O.S. na birnin Osaka ne ya fara fitar da irinsa da yawa don ƙananan jirage, da samfurin FS-60 a 1976, kuma tun daga lokacin aka san cewa idan girman silinda ɗaya ne, mai bugu biyu ya fi ƙarfi. Daga nan aka samo tsohuwar ƙa'idar da har yanzu take aiki, cewa jirgin da .46 mai bugu biyu zai ɗauka yana buƙatar kusan .70 mai bugu huɗu, wato a ƙara rabin girman.

To me ya sa mutum zai biya kuɗi mafi yawa don inji mafi nauyi wanda girmansa bai ba shi ƙarfin da ya kai na ɗan'uwansa ba? Amsar tana wurin farfela. Injin .46 mai bugu biyu yana jin daɗin farfela mai tsawon inci 11 da karkatar fiffike ta inci 6, yana juya ta wajen sau 12,000 zuwa 13,000 a minti, kuma ƙarfinsa yana can sama ne, sai an buɗe masa totur yake nuna kansa. Injin .70 mai bugu huɗu yana ɗaukar farfela mai inci 13, yana juya ta wajen sau 9,000 zuwa 10,000, kuma babbar farfela mai juyi a hankali tana tura iska mai yawa, abin da ke ba jirgi ja mai ƙarfi tun daga ƙaramin gudu. A sama ana jin wannan bambanci sarai. Jirgi mai bugu huɗu yana barin ƙasa da wuri, yana hawa tsaye ba tare da ya yi kamar zai shiƙe ba, idan kuma aka rage totur a gangara babbar farfelar tana riƙe shi kamar birki, ta yadda gudunsa ba ya canzawa sosai tsakanin hawa da sauka. Wannan ne ya sa masu wasan juyi a sama da masu ƙera kwafin tsofaffin jiragen yaƙi suke ƙaunarsa. Su na biyun suna da wani dalili ma, domin ƙarar mai bugu huɗu gurnani ne mai kauri da ya yi kama da na jirgin gaske, yayin da mai bugu biyu yake kuka siriri kamar zuma ta shiga kunne. A filin da ke kusa da gidajen mutane wannan ba ƙaramin abu ba ne, don maƙwabta sun fi saurin gajiya da siririyar ƙara. Mai bugu huɗu kuma ya fi tattalin mai.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Bawul yana buƙatar a riƙa duba tazararsa lokaci zuwa lokaci da ma'aunin tafet, injin yana sanyi, kuma tazarar da O.S. ke bayarwa ga injinansa tsakanin milimita 0.04 ne da 0.10, wato kaurin gashi ko na takarda. Sandunan bawul suna gaban silinda, daidai wurin da ke fara dukan ƙasa idan jirgi ya faɗi da hanci, kuma ɗan koyo zai faɗi da hanci, ba sau ɗaya ba. Babbar farfela tana buƙatar tazara daga ƙasa, jiragen koyo masu taya uku kuwa gajeru ne, don haka a fili mai yashi ko tsakuwa farfela mai inci 13 za ta riƙa sharar ƙasa tana jefa wa inji abin da ta kwaso. Ƙarin nauyin da ke hanci yana iya tilasta a mayar da batirin jirgi baya ko a liƙa dalma a jela. Sannan akwai halin da mai bugu huɗu yake da shi na yin tutsu idan aka rage masa mai fiye da kima: wuta takan kama kafin lokaci, injin ya buga baya, ya kwance notin farfela ya wurgar da ita. Shi ya sa ake ɗaure farfelarsa da noti biyu, kuma shi ya sa ba a tsayawa a gabansa ko a gefen farfela yana aiki.

Abin da na fi ba nauyi a wannan gwaji shi ne saitin allura, wato 'yar sandar da ake murɗawa a ƙayyade yawan man da ke shiga inji, domin nan ne ɗan koyo yake cin nasara ko ya haƙura da harkar. Mai bugu biyu yana magana da kunne. Ka cika tanki, ka toshe bakin kafireta da yatsa ka juya farfela sau biyu ko uku har ka ga mai ya biyo tiyo, ka ɗora batir a kan filogi, ka kaɗa farfela da sanda mai roba, ba da yatsa ba. Idan ya kama ka buɗe totur, za ka ji yana ɓarɓarwa yana tofar da mai ta salansa, alamar mai ya yi yawa. Kana murɗa allura ciki, ƙyas ɗaya bayan ƙyas, sai ka ji muryar ta washe ta koma tsiwa guda mai tsabta. Idan ka ci gaba za ta kai ƙololuwa ta fara dusashewa, nan ne haɗari, sai ka dawo baya har ka sauka kaɗan daga ƙololuwar. Daga nan ka matse tiyon mai da yatsu biyu na ɗan lokaci ka saki: idan juyin ya ɗan ƙaru sannan ya koma, saiti ya yi, idan ya nemi mutuwa nan take, mai ya yi kaɗan. A ƙarshe ka ɗaga hancin jirgin sama totur a buɗe, ka saurara ko zai riƙe. Duk wannan kunne ne da yatsu, kuma mutum yana koyonsa a yini biyu. Mai bugu huɗu ba ya faɗin halin da yake ciki haka a fili, muryarsa ba ta canzawa sosai tsakanin saiti mai kyau da wanda zai ƙona shi, don haka ana buƙatar na'urar ƙirga juyi, a nemo ƙololuwa sannan a buɗe allura har juyi ya sauka da kamar 200 zuwa 300. Wanda zai sayi mai bugu huɗu ya sa kuɗin wannan na'ura cikin lissafinsa.

A cikin masu bugu biyu ma akwai zaɓi, kuma misalin da ya fi fito da shi fili shi ne injina biyu na kamfani ɗaya, O.S. 46LA da 46AX. Na farko karanshaf ɗinsa yana juyawa ne a cikin bushin na tagulla, nauyinsa kusan giram 270 ba tare da salansa ba, kamfanin kuma ya ba shi ƙarfin doki 1.2. Na biyu yana da boris biyu, nauyinsa kusan giram 375, ƙarfinsa ya haura doki 1.6. A takarda babu gasa a tsakaninsu. Amma mai bushin yana da abubuwan da takarda ba ta nunawa: ba shi da boris da zai yi tsatsa idan aka ajiye shi wata uku da ragowar mai a ciki, ba shi da tsada, kuma rashin nauyinsa alheri ne ga ƙaramin jirgi. Sharaɗinsa shi ne a ba shi mai mai wadataccen man santsi, musamman man zurma, tunda bushin a kan fatar mai yake tafiya. Kafiretarsa mai sauƙi ce, allura ɗaya da ɗan ramin iska na saita silo, wanda ke aiki amma ba ya ba da amsa mai kaifi idan aka buɗe totur farat ɗaya. Mai boris yana da allura biyu, ta babban gudu da ta silo, kuma idan aka saita su daidai yana zama a juyi 2,500 ko ƙasa da haka ba tare da ya mutu ba, ya kuma tashi nan take idan aka taɓa shi. Ga jirgin koyo mai nauyin kilo biyu da rabi zuwa uku duka biyun za su yi, amma ni mai boris nake ba da shawara, saboda bayan an gama koyo za a cire shi a sa a jirgi na biyu mai ƙasan fukafukai, inda mai bushin zai fara nuna gazawa.

Akwai wani bambanci da masu saye kan tsallake, wanda a ƙasar da ke da hunturu da ƙura bai kamata a tsallake shi ba, wato yadda fistin yake rufe silinda. Wasu injinan suna da ringi kamar na babur. Wasu ba su da shi, su ne ake rubuta wa ABC ko ABN: fistin na alminiyom a cikin rigar silinda ta tagulla da aka shafe da kurom ko nikel, an kuma tsuke rigar kaɗan daga sama, ta yadda idan inji yana sanyi za ka ji fistin yana cijewa a ƙoli, idan ya yi zafi tagullar ta buɗe ta zama daidai. Wannan cijewa lafiya ce, ba aibi ba ce. Marar ringi ya fi ƙarfi kaɗan kuma yana saurin sabawa, tanki biyu ko uku sun isa, da sharaɗin a bar shi ya yi zafi tun farko, kada a cika masa mai har ya kasa ɗumama. Mai ringi akasin haka yake so, a fara shi da mai mai yawa a hankali har ringin ya zauna. Inda suka rabu da gaske shi ne ranar da yashi ya shiga. Na koyi wannan wata yamma a cikin Disamba a wani filin ƙwallo, lokacin da jirgina ya kife da hanci wajen sauka, na ruga na ɗauke shi, na kuma yi abin da hannu ke yi da kansa, na juya farfela don in ji ko injin yana lafiya. Na ji wani ɗan ƙaras a ciki. Da na kwance salansa na leƙa ta ƙofar hayaƙi, sai ga layuka uku sirara a jikin fistin daga sama zuwa ƙasa, kuma daga ranar injin bai ƙara riƙe silo ba. Da mai ringi ne, sau da yawa sabon ringi kaɗai zai dawo da shi, amma marar ringi sai an sayi fistin da riga tare, kuɗinsu kuwa wani babban kaso ne na kuɗin sabon inji. Injin da ya ci ƙasa ba a juya shi sai an wanke kafireta da cikinsa da mai, kuma ɗan soson tace iska a bakin kafireta, ko da zai rage juyi kaɗan, ya fi rashinsa a lokacin hunturu.

Game da ƙarfin dokin da ke jikin kwali, a lura da adadin juyin da aka rubuta kusa da shi. Injin .46 da aka ce yana ba da doki 1.6 yana bayarwa ne a juyi 16,000, wanda ba a kaiwa sai da ƙaramar farfelar da ba wanda zai tashi jirgin koyo da ita. Da farfelar da za a yi aiki da ita injin yana can ƙasa da wannan adadi, kuma kamfanoni ba hanya ɗaya suke bi wajen awo ba, don haka gwada lambar wannan kamfani da ta wancan ɓata lokaci ne. Tambayar da ke da amfani ita ce, sau nawa injin yake juya farfela kaza da mai kaza, kuma yana riƙe silo ko ba ya riƙewa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Idan aka zo ga sunaye, O.S., wanda Shigeo Ogawa ya kafa a 1936, shi ne ma'aunin da ake gwada saura da shi, saboda injinansa kan tashi daga kwali ba tare da wahala ba kuma kayan gyaransu sun fi na kowa yaɗuwa. Saito, shi ma na Japan, ya shahara ne a masu bugu huɗu, kuma abin da ya bambanta shi shi ne rashin nauyi, domin yana zuba silinda da kan silinda a matsayin abu ɗaya na alminiyom. Samfurinsa FA-82 mai cc 13.8 bai kai rabin kilo ba idan ba a haɗa da salansa ba, yayin da O.S. FS-91 mai cc 15 ya haura giram 600, don haka jirgin da hancinsa ya riga ya yi nauyi Saito ya fi dacewa da shi, wanda kuma jelarsa ta rinjaya nauyin O.S. zai amfane shi. Illar silinda haɗe da kai ita ce idan zaren ramin filogi ya lalace, gyaran ya fi girma. YS na kamfanin Yamada wani aji ne daban: yana amfani da cikin akwatin karanshaf wajen cusa wa silinda ƙarin iska, yana hura tanki da matsi mai ƙarfi, yana kuma ba da ƙarfin da ya wuce girmansa, amma yana son naitiro kashi 20 cikin 100 ko fiye, kuma tsarin mansa ba ya yafe ko da ɗan yoyo. Inji ne na wanda ya riga ya ƙware. Daga ƙasar Sin akwai ASP da Magnum da SC, waɗanda duk masana'antar Sanye ce ta ƙera su, da araha sosai, kuma da yawansu suna aiki lafiya idan aka ba su lokacin sabawa aka kuma bi notunansu aka ɗaure. Tsofaffin sunayen Turai irin su Super Tigre na Italiya da Irvine na Ingila da MVVS na ƙasar Cek suna yawo a kasuwar na hannu, kuma suna da wata fa'ida da za ta bayyana idan aka zo maganar mai, sai dai tun da injin lantarki ya mamaye ƙananan jirage kayan gyaran da yawa daga cikin tsofaffin injina sun yi wuya.

Mai shi ne inda lissafin mutumin Kano ko Zinder yake rabuwa da na mutumin Landan. Man gilo haɗin abu uku ne: metanol, wanda shi ne mafi yawa, man santsi kashi 16 zuwa 20 cikin 100, da naitiro wanda a tashi na yau da kullum yake tsakanin kashi 5 da 15. Abu ne mai kama wuta da ake lissafa shi cikin kaya masu haɗari, don haka ba a aiko shi ta jirgin sama kamar yadda ake aiko filogi ko farfela, kuma injin yana shan sa da yawa, domin metanol yana buƙatar iska ninki shida da rabi kacal na nauyinsa kafin ya ƙone, inda fetur ke buƙatar kusan ninki goma sha biyar. Injin .46 a cikakken totur yana shan wajen mililita 30 a minti, tankin mililita 300 yana ba da tashi na minti goma ko fiye kaɗan, galan ɗaya na Amurka mai lita 3.8 kuma bai wuce tashi goma sha biyu zuwa sha uku ba. Wanda zai haɗa mansa da kansa zai iya samun metanol wurin masu sayar da sinadarai, man zurma kuma ba baƙo ba ne a ƙasar da zurma ke fitowa a bayan gida, ko da yake tataccen ake so, wanda aka cire wa danƙo. Naitiro ne mai wuyar samu. A nan ne tsofaffin injinan Turai suke da daraja, domin an ƙera su da matsi mai yawa don su yi aiki da naitiro kaɗan ko babu sam, kuma haɗin metanol kashi 80 da man zurma kashi 20 sanannen mai ne da ake gasa da shi. Yawancin masu bugu biyu za su tashi da wannan haɗi idan aka sa musu filogi mai zafi, da ɗan ragin ƙarfi. Masu bugu huɗu sun fi jin rashin naitiro, musamman a silo, tunda filoginsu yana jiran juyi biyu kafin wata fashewar ta sake ɗumama shi, wanda shi ne dalilin da ya sa suke da filogi nasu na musamman, irin O.S. Type F. Duk wanda ba shi da tabbacin samun naitiro a kai a kai, wannan kaɗai ya isa ya karkata shi zuwa mai bugu biyu. Kada kuma a yi gangancin zuba baƙin man janareto a madadin man zurma, don ba ya haɗuwa da metanol. Metanol guba ne da ke makantarwa, a ajiye shi nesa da yara cikin jarka mai alama, a kuma rufe ta ruf, domin yana zuƙar danshi daga iska, kuma man da ya sha ruwan damina yana sa inji ya mutu da zarar an cire batir.

Zafi da tudu su ma suna cin ƙarfi. Iskar da ke da zafin digiri 40 ta fi ta digiri 15 sirantaka da kusan kashi 8 cikin 100, kuma inji yana rasa kamar kashi 3 a kowace mita 300 ta tudu, ta yadda a Jos mai tsayin kusan mita 1,200 asarar ta haura kashi 10. Fukafukai da farfela ma suna jin sirantakar iskar. Saboda haka idan takardar jirgi ta ce .40 zuwa .46, a ɗauki .46, ko ma .55 irin wanda ke zama a gurbin .46, a kuma bar allura a buɗe kaɗan fiye da yadda kunne ke so, tunda man da ke wucewa ta cikin injin yana taimakawa wajen sanyaya shi. Man zurma yana da amfani a irin wannan yanayi, domin yana jure zafin da man santsi na masana'anta yake ƙonewa a cikinsa, ko da yake yana barin jan danƙo a jikin inji da maiƙo a gefen jirgi.

Ga mai jirgin farko, ke nan, .46 mai bugu biyu mai boris, daga kamfanin da ake samun kayansa. Mai bugu huɗu ya dace da jirgi na biyu ko na uku, bayan hannu ya faɗa kuma an samu hanyar mai. Idan jirgi ya kai girman da zai buƙaci cc 20 ko fiye, kuɗin man gilo ya fara fin ƙarfin aljihu, kuma ƙananan injinan fetur masu tartsatsi sun fi ma'ana.

Da yawa daga cikinmu na hannu za mu saya, kuma injin gilo yana faɗin tarihinsa ga wanda ya san inda zai duba. A bar filogi a jiki a juya farfela a hankali, a ji ko matsin yana turo hannu baya da tsalle ko kuwa yana sulalewa. A cire filogin a sake juyawa, a saurari boris: santsi ake so, duk wani ƙaras-ƙaras tsatsa ce. A kama bakin karanshaf a girgiza shi gefe da gefe, a leƙa ta ƙofar hayaƙi a duba jikin fistin, a dubi kawunan notuna ko an taɓa cin zarafinsu da sukudireba da ba nasu ba, a kuma duba kunnuwan da ake ɗaure injin da su ko akwai tsaga. Injin da ya ƙi juyawa sam, wanda jikinsa ya yi ja da tsohon man zurma, sau da yawa danƙo ne kawai ya riƙe shi, kuma idan aka jiƙa shi da sabon mai aka ɗan ɗumama shi yakan saki, har a tarar cikinsa fes domin danƙon ne ya hana tsatsa shiga. Wanda ya fi ban tsoro shi ne mai ƙyalli a waje da aka ajiye da ragowar mai mai naitiro a ciki, don haka kafin a biya kuɗi a roƙi mai shi ya kwance notuna huɗun murfin baya, a haska tocila a kan boris na ciki.